Amsoshin Tambayoyinku: Yaya ake ƙirga littattafan laburare?

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Takardun da muka ware yau duk sun taru a kan abu guda, wato laburare, ɗakin karatu na jama'a, da yadda ake sanin yawan abin da ke cikinsa. Tare da ni a ɗakin watsa shirye-shirye akwai wata uwa tamu da ta yi aikin laburare har ta yi ritaya a kansa. Hajiya, barka da zuwa.

Hajiya: Barka kadai, ɗana. Ina gaishe da masu sauraro duka.

Mai gabatarwa: Takarda ta farko daga wani ɗalibi ce, ya roƙi a sakaya sunansa da na garinsu. Ya ce ya ji ana faɗin dubban littattafan da ke laburarensu, amma da ya shiga sai ya tarar kanta guda cike da littafi iri ɗaya, daga wannan gefe har wancan. Yana tambaya, shin ƙarya aka yi musu, ko kuwa shi ne bai gane yadda ake lissafin ba?

Hajiya: Yaron nan ya sa ido sosai, Allah ya yi masa albarka. Mai yiwuwa ba a yi masa ƙarya ba, amma ba a gaya masa duka ba. A aikinmu ƙirge iri uku ne. Akwai ƙirgen suna, akwai na juzu'i, akwai na kwafi. Idan gwamnati ta kawo littafin lissafi na sakandare kwafi 40, a ƙirgen suna littafi ɗaya ne tak, a ƙirgen kwafi kuma 40 ne. Ɗauki littattafanmu na hikaya da ake bugawa a Kano, waɗanda ake rabawa na ɗaya, na biyu, na uku, na huɗu. Labari ɗaya ne, suna ɗaya, juzu'i huɗu. In muka sayi saiti uku, abin da ke kan kanta ya zama 12. To ka ga ina iya cewa ɗaya, ina iya cewa huɗu, ina iya cewa 12, kuma duk ban yi ƙarya ba. Shi ya sa in aka faɗa maka adadi, tambayarka ta farko ita ce: me aka ƙirga?

Mai gabatarwa: Ashe kowa ma yana iya zaɓar wanda ya yi masa daɗi.

Hajiya: Don gudun haka ne aka yi ƙa'ida. Akwai ma'aunin duniya na ƙididdigar laburare mai lamba ISO 2789, shi ya fayyace yadda ake ƙirga kowane abu. Tun 1964 ma hukumar UNESCO, mai kula da ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce, a wajen ƙididdiga, abin da za a kira littafi sai ya kai shafi 49 ban da bango. Daga shafi 5 zuwa 48 ƙasida ce. Ƙananan littattafan addu'o'i da na waƙoƙi da ake sayarwa a bakin masallaci, da yawansu a rukunin ƙasida suke faɗawa. Wannan bai rage musu daraja ba, gidansu ne daban a takardar rahoto.

Amma bari in gaya maka inda ɓarakar ta fi yawa. Kowane laburare yana da babbar rijistar shigowar littafi. Littafi ya zo, a buga masa hatimi, a ba shi lamba, a rubuta ranar, da sunan marubuci, da ko saye ne ko kyauta. Lambobin nan a jere suke, ba a maimaitawa. To in ƙarshen shekara ya zo aka nemi rahoto, mai son sauƙi sai ya buɗe shafin ƙarshe, ya ga lambar ƙarshe, ya rubuta ita ce yawan littattafai. Alhali lambar nan tana ƙirga duk abin da ya taɓa shigowa tun ranar da aka buɗe ƙofa, har da wanda aka ara ba a dawo da shi ba shekara ashirin, har da wanda ruwan damina ya jiƙa ya ruɓe.

Mai gabatarwa: To yaya ake sanin abin da ya rage na haƙiƙa?

Hajiya: Sai an tashi an bi kanta-kanta. Ba zan manta da wata shekara ba, a wani wuri da na yi aiki, muka rufe ƙofa mako biyu. Mutum biyu-biyu muke, ɗaya ya zaro littafi ya karanto lamba, ɗaya ya sa alama a rijista. Hunturu ne, kowa ya ɗaure hanci da gyale ko hankici saboda ƙura. Da muka kai kantar ƙasa da ke jingine da bango, na sa hannu na jawo wani babban ƙamus, sai na ji shi sakayau. Bangon yana nan lafiya, har rubutun zinaren da ke gadon bayansa yana ƙyalli, amma ciki gara ta cinye, sai ƙasa ke zuba a tafin hannuna. Layin nan duka haka yake. Shekara da shekaru ana ƙirga su a rahoto.

Da na soke su daga lissafi, adadinmu ya sauka. Wani na sama da ni bai ji daɗi ba, ya ce za a ga kamar mun yi sakaci. Na ce masa, ranka ya daɗe, in muka ci gaba da cewa rumbu cike yake, wa zai kawo mana hatsi? Mai raba kasafin kuɗi takarda yake gani, ba ya ganin gara. Har yau a kan wannan nake. Ƙarin gishiri a rahoto laburaren kansa yake cuta, da yaran da za su zo neman littafi su rasa.

Mai gabatarwa: Takarda ta biyu daga wata malamar makaranta ce a Maradi, Jamhuriyar Nijar. Ta ce yanzu ana yawan jin cewa laburare kaza yana da littattafan intanet dubu kaza, waɗanda ake karantawa a waya ko kwamfuta. Tana tambaya, su ma ƙirga su ake yi kamar na takarda, kuma mallakar laburaren ne?

Hajiya: Malama ta taɓo inda ya fi wuya. Littafin takarda in ka saya ya zama naka, ka ba da aro sau ɗari, ka ɗinke shi in ya yage. Na intanet kuwa, galibi laburare ba saye yake yi ba, haya ce. Lasisi ake biya. A Amurka, a 2011, kamfanin buga littattafai na HarperCollins ya sa sharaɗin cewa littafinsa na intanet in an ara sau 26 a laburare, lasisin ya ƙare, sai an sake biya. Wasu manyan kamfanonin kuma shekara biyu suke bayarwa, ko an karanta ko ba a karanta ba. Akwai lasisin da mutum ɗaya ne kawai zai iya riƙe littafin a lokaci guda, sauran su bi layi, kamar dai na takarda. Akwai kuma tsarin da ake buɗe wa laburare babban rumbu, ba ya biyan komai sai an ara, kowane aro da kuɗinsa.

To a nan me za ka ƙirga? Abin da na koya wa na ƙasa da ni shi ne a raba gida uku. Wanda muka mallaka har abada, gidansa daban. Wanda muke haya, a rubuta shi da ranar da hayar za ta ƙare. Sai wanda yake kyauta ga kowa a intanet, irin na rumbun Project Gutenberg da aka fara tun 1971, mai littattafai sama da 70,000. Wannan na ukun, don ka liƙa adireshinsa a shafin laburarenka bai zama naka ba. Duk mai waya da data yana iya samunsa daga ɗakinsa. Ka nuna wa mutane hanya, aikin kirki ne, amma kada ka zuba shi cikin adadin kayanka.

Mai gabatarwa: Hajiya, su ƙasashen da suka yi nisa, sun warware wannan?

Hajiya: Suna dai fama. A Amurka ana tattara alƙaluman laburaren jama'a kowace shekara tun 1988, daga hukumomin laburare kusan 9,000, kuma a fam ɗin nasu gidan littafin takarda daban, na intanet daban, na sauti daban. Duk da haka akwai matsalar tarayya. Misali, laburare ashirin su haɗa kuɗi su yi hayar rumbu guda. Kowannensu yana da gaskiya in ya ce masu karatunsa suna iya samun duka. Amma in aka tara rahoton su ashirin ɗin, rumbu ɗaya ya koma ashirin a takarda.

Shi ya sa ni na fi ba da ƙarfi ga ƙirgen amfani: sau nawa aka buɗe, sau nawa aka sauke, mutum nawa. Shi ma da ƙa'idarsa, ana kiranta COUNTER, har ta ce in mutum ya danna abu ɗaya sau biyu cikin daƙiƙa 30, sau ɗaya za a lissafa, don kada rashin haƙurin mai jiran intanet ya kumbura adadi. A wajenmu kuma akwai abin da ya kamata rahoto ya faɗa ƙarara: kwamfuta nawa ke aiki a cikin waɗanda aka jera, awa nawa ake samun wuta ko sola a rana, kuma kuɗin intanet ɗin an sabunta ko ya ƙare. Ɗaki cike da kwamfutoci an lulluɓe su da leda, in ka ce yana da littafi miliyan, yarinyar da ta zo da yamma ta tarar ba wuta ko shafi ɗaya ba ta karanta ba.

Mai gabatarwa: Ga wata kuma daga wani dattijo a Sakkwato. Ya ce ya gaji gafaka uku na rubuce-rubucen kakansa, na Larabci da na ajami. Ana ba shi shawara ya bari a ɗauki hotonsu a adana a kwamfuta. Yana so ya san yadda ake ƙirga irin wannan, don ya san abin da ya bayar da abin da za a mayar masa.

Hajiya: Allah ya saka wa Baba da alheri da ya riƙe amanar nan. Rubutun hannu lissafinsa daban ne. Gafaka guda tana iya ɗauke da littafin fiƙihu, da waƙar wa'azi, da wasiƙu biyu, da laƙani mai falle ɗaya. Kuma takardunmu na da ba a ɗinke su, falle-falle suke a tsakanin bango. Saboda haka ana ƙirga abu uku: gafaka nawa, aiki nawa ne a cikin kowace, falle nawa ne kowane aiki. In an ɗauki hoto, kowane falle gaba da baya hoto biyu ke nan. Falle 100 zai ba da hoto 200, amma hotunan nan ba sababbin littattafai ba ne, inuwar na asalin ce.

Shawarata gare shi, kafin komai ya fita daga hannunsa a zauna a gabansa a ƙirga fallayen, a rubuta, kowa ya sa hannu. Kuma kada a bari yara su hautsina jerin. Magabata ba su cika sa lambar shafi ba. Abin da suke yi, a ƙasan shafi sai su rubuta kalmar da falle na gaba zai fara da ita. Da wannan 'yar kalmar ake gane jeri, da ita kuma ake gane in wani falle ya ɓace.

Wannan ne ma ya sa in ka ji adadin rubuce-rubucen hannu na Timbuktu, a ƙasar Mali, sai ka ji ya bambanta daga baki zuwa baki, domin wasiƙa mai falle ɗaya rubutu ɗaya ce, littafi mai falle ɗari uku shi ma ɗaya ne. A Janairun 2013, da masu ɗauke da makamai za su fice daga garin, an ƙona ko an kwashe kimanin 4,000 a cibiyar Ahmed Baba, inda ake adana irin waɗannan rubuce-rubuce. Abin da aka riga aka rubuta a rijista shi ake iya cewa ga abin da aka rasa. Haka Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, da ake cewa yana da abubuwa sama da miliyan 170. Kalmar ita ce abubuwa, domin akwai taswirori da hotuna da faya-fayai, kuma takardun rubutun hannu da na tarihi sun fi littattafan yawa.

Jarida ma haka. Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939, a rahoto suna ɗaya ce. Abin da mai bincike yake so ya sani shi ne daga wace shekara zuwa wace kuke da ita, kuma waɗanne fitowa ne babu.

Mai gabatarwa: Lokaci yana hararmu, amma ga gajeriya daga wata marubuciya a Kano. Ta ce ta buga littafi da kuɗinta, shin yana cikin lissafin littattafan Najeriya?

Hajiya: Sai in ta kai shi. Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa duk wanda ya buga littafi a Najeriya ya kai kwafi 3 cikin wata guda da fitowarsa. Gwamnatin jiha kwafi 10 take bayarwa na abin da ta buga, ta tarayya 25. Laburaren Ƙasa ne kuma ke ba da lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, mai alƙaluma 13, wadda ta Najeriya take farawa da 978 sau biyu. Littattafan Hausa da yawa sun fito, an karanta su a ɗakunan mata da tashoshin mota har sun yage, ba su da lamba, ba a kai kwafi ba. In aka zo ƙirga abin da ƙasa ta wallafa, ba a ganinsu, sai a ɗauka ba ma rubutu. 'Yata, ki ɗauki kwafi uku ki kai reshen Laburaren Ƙasa mafi kusa da ke, ki karɓi takardar shaida ki adana. In kin fitar da shi a intanet ma, wannan bugun lambarsa daban ce da ta takarda.

Mai gabatarwa: Hajiya, mun gode ƙwarai, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Hajiya: Amin, ɗana. Ni ma na gode.

Mai gabatarwa: Sauran takardun da ba mu kai gare su ba suna nan a ajiye, za mu ɗauko su a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.