Daga Bakin Tekun Kobe: Harshen da Ake Yi wa Baƙo Magana a Asibitin Japan

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Yau ina magana da ku daga bakin tashar jiragen ruwa ta birnin Kobe, kuma wannan tsagaggen daɓe da kuke gani a bayana, tare da turakun fitilun da suka karkace, da gangan hukuma ta bar su yadda girgizar ƙasa ta ranar 17 ga Janairun 1995 ta mayar da su. Da ƙarfe 5:46 na asuba abin ya faru, kuma fiye da mutum 6,400 ne suka rasa rayukansu.

Abin da ya kawo ni nan shi ne wani bincike da ya samo asali daga wannan musiba. Bayan ƙura ta lafa, an gano cewa baƙi mazauna yankin sun sha wahala ta musamman, domin sanarwar inda za a samu ruwa da mafaka da magani ta fito ne cikin Japananci mai nauyi, wanda ko mai shekaru a ƙasar zai iya tsayawa yana kallonsa. Farfesa Sato Kazuyuki na Jami'ar Hirosaki da abokan aikinsa suka duƙufa a kan matsalar, har suka tsara abin da ake kira "yasashii nihongo", wato sassauƙan Japananci. Kalmar "yasashii" tana ɗauke da ma'ana biyu, mai sauƙi da kuma mai tausayi, kuma a ganina duka biyun sun dace da shi. Maimakon a ce wa mutum "hinan", kalmar hukuma ta ƙaurace wa haɗari, sai a ce masa "nigete", wato ka gudu.

Wani zai ce me ya hana a yi Turanci kawai. Yawancin baƙin Japan, waɗanda yanzu sun haura miliyan 3, daga China da Vietnam da Koriya da Filifin da Brazil da Nepal suka fito, kuma bincike ya nuna masu jin sassauƙan Japananci a cikinsu sun fi masu jin Turanci yawa.

Daga baya wannan tunani ya shiga asibiti, inda Farfesa Takeda Yuko ta Jami'ar Juntendo da ke Tokyo take cikin masu horar da likitoci da ɗalibai yadda za su yi wa baƙo bayani. Wata ƙa'ida da masu koyar da shi suke yawan ambata ita ce "hasami", wadda ke nufin almakashi, amma a nan an harhaɗa ta ne daga gaɓoɓin farko na umarni uku a Japananci: a yi magana a fili, a kai jimla ƙarshenta, a kuma taƙaita. Mai ba da magani zai bar "shokugo", ya ce a sha bayan an ci abinci. Har kalmomin girmamawa da Japanawa ke ji da su ana rage su, domin su ne ke tsawaita jimla har baƙo ya ɓace a tsakiyarta.

Na san nauyin wannan a jikina. A shekarata ta farko ciwon ciki ya kai ni wani ƙaramin asibiti, likita ya tambaye ni ko ciwon "kirikiri" ne ko "shikushiku". Na yi shiru ina gumi, alhali a raina na san amsar sarai, domin mu ma Hausa muna bambanta suka da murɗa, da zogi da raɗaɗi, muna cewa kai yana sara. Likitan yana buƙatar wannan bambanci don ya gane cutar, ni kuma ina da shi a harshena, amma babu gadar da zai bi ya isa gare shi. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta sunkuyo ta tambaye ni a hankali ko kamar ana soka mini allura ne. Na ce eh, daga nan aka fara duba ni yadda ya kamata.

Abin da ya fi damuna shi ne yaran baƙi. Yaro yana shiga makaranta bakinsa ya buɗe da Japananci, harshen gida ya fara yi masa nauyi, sai kuma a ɗora masa tafinta tsakanin mahaifiyarsa da likita a kan cutar da bai kamata ɗan shekara goma ya ji ba. Masu nazarin harshen gado a nan suna jaddada cewa yaron da ya riƙe harshen iyayensa da ƙarfi ya fi samun tushen koyon na biyu, kuma ya fi sanin ko shi wane ne. Shi ya sa a gidana Hausa muke yi da 'yata, ni kuma nake zuwa ajin Japananci na masu aikin sa kai duk yammacin Asabar, don kada wata rana ta zama bakina a gaban likita.

Azahar ta gabato, don haka zan taka zuwa Masallacin Kobe, wanda aka buɗe a 1935 kuma ya tsira daga girgizar. Idan mun idar da salla zan nuna muku takardar tambayoyin da ake cikewa a asibiti, mu bi ta layi bayan layi.