Muna Nan Lafiya, Mu 33

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau zai kai mu hamadar Atakama a arewacin ƙasar Chile, wurin da akan yi shekaru ba a ga ruwan sama na kirki ba.

Ranar 5 ga Agustan 2010, da rana tsaka, wani ɓangaren dutse ya rufta a mahaƙar San José da ke kusa da garin Copiapó, inda ake haƙar jan ƙarfe da zinare. Mutum 33 suka maƙale a zurfin kusan mita 700. Ku ƙiyasta rijiyar ƙauye mai gaba ashirin, ku jera irinta kusan ashirin, wata a kan wata. Can ƙasa suke. Sun yi ƙoƙarin fita ta ramin shan iska, sai suka tarar tsanin da ya kamata kamfani ya kafa bai kai ko'ina ba. Bayan kwana biyu dutsen ya sake motsawa, wannan hanyar ma ta toshe.

Kwana 17 ba wanda ya ji ɗuriyarsu. A ganina waɗannan kwanaki su ne zuciyar labarin, duk da cewa ba su ne duniya ta fi tunawa ba. Mata da iyaye da ƙanne suka tattaro barguna da tukwane suka tare a bakin mahaƙar, suka kafa tantuna a kan tsakuwa, rana ta gasa su, dare ya yi sanyi ya ratsa ƙashi. Suka raɗa wa wurin suna Sansanin Fata. Suka kafa tuta 33 a kan tudu, 32 na Chile, ɗaya ta Boliviya, domin akwai baƙo ɗaya a cikin mahaƙan, Carlos Mamani, wanda bai daɗe da kama aiki ba. Har ministan ma'adinai, Laurence Golborne, ya taɓa fitowa ya nuna cewa fatan samun su da rai ya yi ƙaranci. Iyalan suka ƙi tashi. Wa zai iya kashe injin ya ce an haƙura, alhali uwa tana zaune a gabansa da hoton ɗanta, 'yan jarida kuma na tsaye a bayanta?

Ranar 22 ga Agusta aka zaro ƙarfen wani injin haƙa da ya huda har ƙasa, sai ga 'yar takarda an ɗaure a bakinsa, rubutu da jan alƙalami: muna nan lafiya a mafaka, mu 33. José Ojeda ne ya rubuta. Shugaba Sebastián Piñera ya ɗaga ta a gaban kyamara, ƙasar ta ɗauki sowa. A lura, wata shida kacal kafin nan girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 8.8 ta ragargaza Chile, mutane ɗaruruwa suka mutu. Jama'ar na da ƙishirwar labari mai daɗi.

Daga baya aka ji yadda suka rayu. Abincin da ke mafakar, wato ɗakin gudun haɗari da ke can ƙasa, na kwana biyu ko uku ne. Shugaban aikinsu, Luis Urzúa, da 'yan uwansa suka tsara rabo: cokali biyu na kifin gwangwani, gutsuren biskit, kurɓin madara, sai bayan kwana biyu a sake. Ruwan sha kuwa na tankunan injina ne, mai warin mai. Hausawa na cewa wanda ya faɗa rijiya ko kaifin takobi aka miƙa masa zai kama. Abin mamaki shi ne mutum 33 cikin yunwa da duhu da zafi suka zauna suna yanke shawara ta hanyar ƙuri'a. Babbansu Mario Gómez yana da shekara 63, ƙaraminsu Jimmy Sánchez 19.

Sai kuma aka shiga jira na biyu. Injiniyoyi suka ce fito da su zai iya ɗaukar wata huɗu, watau sai wajen Kirsimeti. Ramin da aka huda faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Ta nan ake zura abinci da magani da wasiƙu a cikin wasu dogayen bututu da suka sa wa suna tattabaru. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta aiko da likitoci da masana, domin sun san halin mutumin da aka kulle a ƙuntataccen wuri na tsawon lokaci. Kamfanin jan ƙarfe na gwamnati, Codelco, ya karɓi ragamar aikin, aka kafa injina uku suna haƙa a lokaci guda, ko ɗaya ya gaza wani ya kai. Ana cikin haka matar ɗaya daga cikinsu, Ariel Ticona, ta haihu, aka sa wa jaririyar suna Esperanza, wato Fata.

Ranar 9 ga Oktoba injin na biyu ya huda. Daren 12 wayewar 13 aka fara jawo su ɗaya bayan ɗaya a cikin wani siririn keji na ƙarfe mai suna Fénix, kamar dai yadda ake jan guga, kowa da baƙin tabarau don kada haske ya lalata masa ido. Florencio Ávalos ne ya fara fitowa, Urzúa ya zo ƙarshe, bayan kwana 69. Shugaban Boliviya na lokacin, Evo Morales, ya zo ganin ɗan ƙasarsa, ko da yake ƙasashen biyu na da tsohuwar tsama a kan gaɓar teku tun yaƙin 1879. Jama'a a ko'ina cikin duniya suka kwana gaban talabijin, wataƙila da wasunku a ciki.

To, a nan ne nake so mu ɗan tsaya. Idon jama'a ya yi aiki a San José, babu musu. Shi ya hana a kashe injina, shi ya sa gwamnati ta zuba miliyoyin daloli ba tare da dogon lissafi ba. Amma ido yana da saurin gajiya. An taɓa rufe mahaƙar nan a 2007 bayan wani haɗari da ya ci rai, aka sake buɗe ta a 2008. Lokacin ba kyamara ko ɗaya. A 2013 kuma masu gabatar da ƙara suka rufe bincike ba tare da tuhumar kowa ba. Da yawa daga cikin mutum 33 ɗin nan sun koma fama da rashin barci da rashin aiki bayan an gama yawo da su ƙasashe ana tafa musu. Mako biyar da fitowarsu, mahaƙar kwal ta Pike River a New Zealand ta fashe, mutum 29 suka mutu. Mutum nawa ne suka riƙe wannan?

Kuma idon nan yana zaɓe. A Stilfontein ta Afirka ta Kudu, ɗaruruwan masu haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, akasarinsu baƙi daga maƙwabtan ƙasashe, sun shafe watanni a ƙarƙashin ƙasa yayin da 'yan sanda suka tsare bakin ramukan. Sai da kotu ta sa baki kafin aka yi aikin ceto a Janairun 2025, aka fito da gawa 78 da mutum 246 masu rai. Da yawa sun ce ai masu laifi ne. To ko mai laifi, kotu ake kai shi.

Mu ma abin ba baƙo ba ne a wurinmu. A Nuwamban 2021 ramin zinare ya rufta a yankin Ɗan Isa na jihar Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka rasu. A Yunin 2024 wani ya rufta a Galkogo, ƙaramar hukumar Shiroro ta jihar Neja, aka yi kwanaki hukumomi na ba da alƙaluma masu karo da juna kan mutum nawa ke ciki. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai game da takardar Ojeda: lambar nan, 33. Waɗanda ke sama sun san ta tun kwanakin farko. Sun san sunan kowa, da shekarunsa, da ciwon da yake fama da shi, har da faɗin kafaɗarsa, domin a tabbatar kejin zai ɗauke shi. A yawancin ramukan 'yan haƙa na gargajiya, yaro kan baro garinsu ya ce ya tafi neman kuɗi, ya ɗaura tocila a goshi ya sauka da igiya, ba rajista, ba wanda ya rubuta sunansa. In rami ya rufta, abokansa ne za su haƙa da shebur da diga da hannu. Uwarsa kuwa tana can wani ƙauye mai nisa, ta kira lambarsa ta ji a kashe, ta ce wataƙila caji ne ya ƙare.