Ina ido ke sauka idan mutum ya shiga gini?

Assalamu alaikum. Kafin mu yi nisa, kowa ya miƙe hannunsa ya dubi farcen babban yatsansa. To, iyakar abin da idonka ke gani tar a lokaci guda ke nan, kimanin digiri 2. Sauran dishi-dishi ne, ƙwaƙwalwa ke cike giɓin. Shi ya sa ido ba ya zama wuri ɗaya: ya tsaya kamar rubu'in daƙiƙa, ya yi tsalle, ya sake tsayawa, sau uku ko huɗu a daƙiƙa guda. Na'urar bin ido tana haska wani haske da ba a gani, kyamara ta ɗauki ƙwayar ido, a lissafa inda aka tsaya da tsawon tsayuwar.

Akwai mutumin da nake so ku riƙe sunansa, Alfred Yarbus, masani a Mosko. A littafinsa da ya fito da Ingilishi a 1967, ya nuna wa mai kallo zanen Ilya Repin, mai zane ɗan Rasha, na wani mutum da ya shigo ɗaki ba zato. Ya ce masa, ƙiyasta shekarun mutanen nan: ido ya tafi fuskoki. Ya ce, ƙiyasta arzikinsu: ido ya koma kan tufafi da kayan ɗaki. Zane ɗaya, ido ɗaya, amma hanyar kallo ta sauya da sauyin tambaya. Ku ajiye wannan, za mu dawo kansa.

Masu zanen gini sun faro amfani da na'urar bin ido ne da hotunan gine-gine a allon kwamfuta. A Amurka, Ann Sussman da Justin Hollander sun yi fice a nan. Abin da irin wannan binciken ke yawan nunawa shi ne ido na bin tagogi da ƙofofi da mutane, ya tsallake bango fayau. Na yarda da hakan, sai dai hoto ba gini ba ne. Mai ɗaukar hoton ya riga ya zaɓa maka inda za ka tsaya, kuma an san mutane kan karkata ga tsakiyar allo ko me ke wurin.

Sai aka samu tabarau masu ƙananan kyamarori, irin na kamfanin Tobii da aka kafa a Suwidin a 2001, da na Pupil Labs a Jamus. Nan ne, a ganina, aikin ya fi amfani. A sa wa mutum tabarau a ƙofar asibiti ko tashar jirgin ƙasa, a ce nemo ɗakin kaza. Za ka ga mararrabar da ya yi turus, da allon nunin da ya wuce bai ko kalla ba saboda an rataye shi inda ido ba ya nema. Wahalarsa dai hasken rana na rikita na'urar a waje, kuma sau da yawa sai mai bincike ya zauna ya bi bidiyon kaɗan-kaɗan yana tantance abin da aka kalla. Wanda ya taɓa yi ya san ciwon baya.

Yanzu hankali ya karkata ga gilashin da ke saka ka cikin ginin kwamfuta kamar da gaske. Wani irinsa mai suna HTC Vive Pro Eye, wanda ya fito a 2019, da na'urar bin ido a cikinsa ya zo. Tun ba a aza tubali ba za ka iya matsar da matakala, ko ka cika zaure da hayaƙi ka ga ko mutane za su hangi ƙofar tsira. Amma a lura, a ciki mutane kan ga nesa kamar kusa.

Akwai kuma manhajar da ke hasashen kallo ba tare da mutum ba, kamar ta kamfanin 3M. Ka ba ta zane, ta fito maka da taswira mai ja da kore, ja na nuna inda ido zai fi sauka. Tana ƙiyasta 'yan daƙiƙun farko ne kawai, na mai kallon da ba shi da wata buƙata. To ina Yarbus? Wanda ya shigo asibiti da mara lafiya a kafaɗa ba irin kallon mai yawon buɗe ido yake yi ba.

Kuma ja a taswira ba ya nufin so. Mutum kan daɗe yana kallon abu don ya burge shi, yakan kuma daɗe don ya ruɗa shi. Shi ya sa ake haɗawa da awon bugun zuciya da gumin fata, sannan a tambayi mutumin da baki. Abin da har yanzu na'urar ke bari a baya shi ne gefen ido, wanda Juhani Pallasmaa, mai zanen gini ɗan Finlan, ya daɗe yana jan hankali a kansa: tsayin rufi da faɗin zaure da gefen ido ake jin su, ba tare da an ɗaga kai ba.

Nan zan dakata. Mai tambaya ya ɗaga hannu a miƙa masa lasifika.