Super Formula: Tseren Japan Da Kuɗi Ba Sa Saya Maka Mota Mafi Gudu

Jama'a masu sauraro barkanmu da warhaka. Yau Japan za mu leƙa, wajen gasar tseren motocin nan masu kujera ɗaya da ake kira Super Formula, wadda masana harkar da yawa ke cewa in ka cire Formula 1 da wuya ka samu motocin da suka kai nata gudu wajen shan kwana.

Gasar ta daɗe fa, tun 1973 aka fara ta, ta yi ta canza suna, a 1996 ta koma Formula Nippon sannan a 2013 ta ɗauki sunan da take amsawa yanzu.

To ga inda ta sha bamban. A Formula 1 kowane kamfani shi ke ƙera motarsa, mai kuɗi ya yi gaba. A nan kuwa bodi iri ɗaya ne kowa ke hawa, kamfanin Dallara na Italiya ke yinsa, samfurin SF23 tun 2023, taya kuma duk na kamfanin Yokohama ne. Inji ne kawai kala biyu, ko Honda ko Toyota, lita 2 mai turbo, ƙarfinsa wajen doki 550. Shi ke nan. Don haka in an bar ka a baya ba ka da bakin cewa motar wane ta fi taka tsada, ko dai kai direba ka gaza ko injiniyoyinka ba su iya saita motar ba, kuma wallahi wannan saitin shi ne rabin yaƙin.

Abin da ya fi burge ni shi ne wani maɓalli da suke ce ma OTS, wato Overtake System, na taimaka wa direba ya wuce na gabansa. Direba na dannawa sai inji ya ƙara shan mai, ƙarfi ya ƙaru, amma daƙiƙa 200 kacal aka ba kowa a duk tseren, kuma in ka saki sai ka jira wani ɗan lokaci kafin ya sake yi. Kun ga lissafi ya shigo kenan, na baya ya danna zai wuce, na gaba shi ma ya danna ya tare, wani ya ƙarar da nasa tun da wuri ya zo zagayen ƙarshe yana kallo ana wuce shi ba yadda zai yi. Ga kuma tsayawa canjin taya wanda dole ne, nan ma wasu ke zubar da nasararsu a hannun makanikai.

Maki 20 ake ba na ɗaya, 15 na biyu, 11 na uku, har zuwa na goma, sannan uku na farko a gwajin neman layin gaba suna samun 3, 2, 1. Filayen su ne irin su Suzuka, Fuji, Motegi, Sugo da Autopolis.

Kada ku raina ƙananan makin nan. A 2017 Pierre Gasly ɗan Faransa yana bin Hiroaki Ishiura da rabin maki, rabi fa, sai guguwa ta sa aka soke tseren ƙarshe a Suzuka, kofi ya tafi wajen Ishiura ba tare da an yi tseren ba. Ralf Schumacher ya ci gasar a 1996 kafin ya shiga Formula 1, Liam Lawson kuma da ƙungiyar Red Bull ta Formula 1 ta turo a 2023 na biyu ya ƙare, Ritomo Miyata ɗan gida ne ya hana shi.