Fodkas: Tahiya da ƙahwa cikin gonakin inabi na Italiya

Malam: Salamu alaikum masu saurare, daga nan Maraɗi muke. Hajiya barka da dawowa, an ce can Italiya da ƙahwa kika yi ta yawo?

Hajiya: Barka kadai Malam. Wallahi da ƙahwa, ɗana da ke karatu can shi ya biya muna, aka haɗa mu da ɗan jagora, mu goma sha biyu. Wurin sunanshi Cinkwe Tere, ƙauyuka 5 ne manne ga dutse bisa bakin teku, hanyar da ta haɗa su kamar kilomita 12 ce, amma hwa hawa da gangara ne, gwiwa tana ji.

Auta: Inna to kaya hwa, bisa kai?

Hajiya: A'a Auta, kaya suna otal, kai dai gorar ruwa da takalmi mai kyau. In ka gaji akwai jirgin ƙasa tsakanin ƙauyukan.

Malam: Ni abin da mutane za su tambaya, ai ƙasar giya ce.

Hajiya: Gaskiya ne da inabin nan giya suke yi, kuma tun da sahe na hwaɗa ma jagoran ba ni sha, ya ce ba komi. Ni gonar ta kai ni Malam. Dutse ne tsaye, sun sassare shi hawa hawa kamar matakala, kowane hawa an tare shi da katangar duwatsu ba siminti ba laka, an jera su da hannu tun kakannin kakanni, sai ƴar ƙasa kaɗan a bayanta a dasa inabi. Tarakta ba ta hawa, sai wani ɗan keke mai inji bisa dogo guda shi ke sauko da kwanduna lokacin girbi wajen Satumba. Na tsaya na dahwa katangar nan hawaye suka zo mani, na tuna babanmu yana jera duwatsu don kar ruwa ya tahi da gona.

Auta: Shi ya sa UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1997 kenan.

Hajiya: E, amma samari sun bar noma sun koma aikin baƙi, katanga in ba a gyara ta zubewa take. Jagoran ya nuna muna inda laka ta kai a Bernaza, ɗaya daga cikin ƙauyukan, lokacin ambaliyar Oktoban 2011, ta cika titi har ta rufe ƙohohin shaguna.

Malam: Kin ga mu nan sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma ya zama icce, ya maido muna da itatuwa cikin gonaki tun shekarun 1980, baƙo a mota ba ya ganin wanga aiki, sai wanda ya taka.

Auta: Ni dai Timiya nake so cikin duwatsun Ayar, can ma akwai inabi da rumman da lemu.

Hajiya: Allah ya ba mu zaman lahiya Auta, in hanya ta yi kyau da ni za a tahi, takalmin na nan ban bayar ba.