Idan Allurar Baya Ta Ƙi Kamawa a Tiyatar Haihuwa

Assalamu alaikum. Na can baya, kuna ji na? Madalla.

Abu biyu zan ambata da ke sa allurar baya, wato wadda ake yi a gadon baya don kashe rabin jiki na ƙasa, ta ƙi kamawa. Na farko hannun mai yi. Tsakanin ƙashi na uku da na huɗu na ƙugu muke shiga, don laka ta ƙare a sama da nan. Sai ka ga ruwan laka yana ɗiga, garau, sannan ka tura bupivacaine, maganin da ke kashe jin zafi, kamar mililita 2 zuwa 2.5. Hannu ya ɗan goce, rabin maganin ya tsiyaye inda ba ya aiki. Na biyu kwanciya: maganin mai nauyi ne, gangare yake bi, idan kafaɗa ta yi tudu da yawa ba zai hau ba.

Amma ku ajiye biro ku dube ni. Gwaji! Kafin wuƙa ta taɓa fata, a gwada. Ɗauki ƙanƙara ko auduga mai sanyi, fara daga cinya, kana hawa kana tambaya: “Hajiya, kin ji sanyi?” Mutuwar ƙafa ba ta isa ba. Cibiya ma ba ta isa ba. Sai mutuwar jikin ta kai daidai kan nono, domin cikin ciki za a taɓa.

Kuma kun san matanmu. Tun tana budurwa ake gaya mata kuka wurin haihuwa abin kunya ne. Na taɓa tsayawa a kan wata, haihuwar fari, ba ta ce uffan ba, sai na ga ta damƙe zanen gado, hawaye na gangarawa cikin kunnenta. Na ce likita ya dakata. Ashe duk yankan tana ji. Don Allah ku riƙa kallon fuska. In ta ce zafi, zafi ne. Kada wanda ya ce mata “taɓi ne kawai, daure.” Ja da dannawa za ta ji, wannan daidai ne, amma ban da zafi.

To, mafita: a ba maganin minti 15 zuwa 20. In bai kama ba, ko a sake da taka-tsantsan, don maimaitawa na iya haurawa ya danne numfashi, ko a sa ta barci gaba ɗaya.

Na'am, ƙanwata? Ko harbin kunama na hana allurar kamawa? Ƙwarai, likitoci a Indiya sun ba da rahoton mutanen da kunama ta taɓa harbi, allurar ta yi jinkirin kama su ko ta ƙi. Mu da kunama ke kwana cikin takalmanmu, sai ku ƙara wannan a tambayoyin da kuke yi wa mace kafin a shiga da ita.