Lacca: Jaririn da Ke Tsala Kuka a Kujerar Mota

Assalamu alaikum. Iyaye mata da iyaye maza, sannunku da zuwa. Na baya kuna ji na? Madalla.

Duk wanda ya taɓa tuƙi jariri na tsanyara ihu a bayansa ya san yadda zuciya ke tsinkewa. Abin da ke fara zuwa wa uwa shi ne ta kwance bel ta rungume shi. Don Allah kada a yi haka mota na tafiya. Karo a gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, babu hannun da zai iya riƙe yaro a lokacin. Idan kukan ya ci tura, a samu wuri mai kyau a faka, sannan a ɗauke shi.

To, me ke sa shi kukan? Sau da yawa laifin zaman ne. Ku dubi wannan 'yar tsanar da ke hannuna. Kan jariri ya kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa, wuyan kuwa bai yi ƙwari ba. In kujerar jarirai da ake ɗaurawa a mota ta miƙe da yawa, kun ga, kai ya rinjayo gaba, haɓa ta dafe ƙirji, hanyar numfashi ta matse. Ke ma Hajiya, a zaunar da ke haka minti goma, sai kin yi ƙorafi. Shi ya sa ake kishingiɗar da kujerar sabon haihuwa, wajen digiri 45, kuma yawancinsu na da layi ko alama a gefe da ke nuna daidai. Fuskarsa ta kalli baya, a kujerar baya. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce tun 2018 a bar yaro yana kallon baya har sai ya wuce nauyi ko tsawon da aka yi kujerar dominsa. Kada a taɓa ajiye irin wannan kujera a gaba inda jakar iska, wadda ke kumburo wa in an yi karo, ke aiki.

Sai bel. Ya fito daidai kafaɗa ko ƙasa da ita kaɗan, kada ya murɗe. Ki gwada mintsinin bel ɗin a kan kafaɗa. In ya kamu tsakanin yatsunki, ya yi sako-sako. Ki leƙa cinya kuma, don maɓallin yakan datse fata. Na taɓa ganin yaron da aka yi ta jijjigawa ana cewa rigima ce, ashe ƙarfen bel ne ya sha rana ya yi masa ja a cinya. Tun daga ranar nake cewa a taɓa ƙarfe da hannu kafin a zaunar da yaro. Rigar sanyi mai kauri a cire ta, a ɗaure shi, a lulluɓa mayafi daga sama. In kin taɓa ƙeyarsa kin ji gumi, zafi yake ji.

Ciki ma na da nasa. Kada a shayar a jefa shi kujera nan take. A sa shi ya yi gyatsa, a riƙe shi a tsaye kamar minti 20, musamman mai yawan tumbuɗi. A canza famfas kafin a tashi.

Wani kuma kewa ce kawai, ba ya ganin kowa. In da hali wani ya zauna kusa da shi. In ke kaɗai ce, ki riƙa yi masa magana ko waƙa, ko ki kunna sautin shuuu, wanda ke kama da abin da ya saba ji a ciki. Tafiya mai nisa kuma a riƙa tsayawa, kada ya haura awa 2 a kujerar. Sabon haihuwa ma ƙasa da haka sosai.

Na ga hannu can. Malam na tambaya yaushe abin zai wuce. Kukan jarirai yakan kai ƙololuwa wajen mako 6, ya fara lafawa a wata 3 zuwa 4. Amma in yana kukan har a gida, yana banƙarewa bayan shan nono, ko ya ƙi kama nonon, a kai shi likita ya duba. In kuwa bai kai wata 3 ba zafin jikinsa ya kai digiri 38, ba a kwana da shi a gida. Akwai wata tambayar?